Kifin da taronsa ya kusa zama ajalinsa

Wanda duk ya taɓa karɓar canji a kasuwar Maraɗi ko ta Damagaram ya riƙe hoton wani kifin teku a hannunsa, ko da bai kula ba. A bayan shuɗiyar takardar jikka biyu ta kuɗin sefa akwai kifaye biyu masu kauri da faɗin baki. Mutanen Senegal suna kiran wannan kifi cof, kuma shi ne suka fi so a dafa musu shinkafa da shi. Larabawan Tekun Fasha suna ce wa danginsa hamur, Turawan Ingilishi kuma gurufa, sunan da zan ara a wannan rubutu. Dangi ne babba mai jinsuna fiye da ɗari, yawancinsu mazauna duwatsun murjani a tekuna masu ɗumi.

Yau ina so mu tsallaka Atlantika mu dubi ɗaya daga cikin wannan dangi, wato gurufan Nasau na tekun Karebiyan, wanda ya samo sunansa daga babban birnin Bahamas. Na zaɓe shi ne domin kaɗan ne daga cikin kifayen teku aka bi tarihinsu daki-daki kamar shi, tun daga lokacin wadata, zuwa faɗuwa, zuwa ɗan farfaɗowar da ya yi a wani ƙaramin tsibiri. Abin da na ɗauka daga tarihin nan shi ne cewa sanin kamannin halitta da mazauninta, wanda ake yi wa kallon haddar 'yan makaranta, shi ne ginshiƙin duk wata doka mai amfani ta kare ta. Kuma wanda ya auna yawan kifi da yawan abin da ake kawowa kasuwa, to lalle zai ruɗi kansa.

Askar da ake gane shi da ita

A zamanin da, kafin baƙo ya buɗe baki ya faɗi garinsu, askar fuskarsa ta riga ta faɗa. Gurufan Nasau ma yana da tasa. Jikinsa ruwan ƙasa-ƙasa ne mai haske, da ratsi biyar masu duhu da suka sauko daga gadon baya zuwa ciki. Wani ratsin ya taso daga hanci ya ratsa ta ido ya nufi ƙeya. A goshinsa akwai zane mai kama da gwafa, ƙafa ɗaya a ƙasa, baki biyu a sama. Kewaye da idonsa akwai ƙananan ɗigo baƙaƙe. Alama mafi ƙarfi kuwa tana can baya, a siririn wurin da jiki ya haɗu da wutsiya, inda wani baƙin tabo ya zauna kamar an ɗaura masa sirdi.

Wannan sirdi yana da muhimmanci domin kifin gwani ne wajen sauya launi. Cikin 'yan daƙiƙoƙi yakan koma fari fat idan yana kan rairayi, ko ya yi duhu idan ya shige inuwar dutse, har ratsin jikinsa ya ɓace. Amma tabon wutsiyar yakan tsaya inda yake. Da shi ake bambanta shi da ɗan uwansa jan gurufa, wanda suke zaune a ruwa ɗaya kuma suke kama da juna a idon wanda bai saba ba. Jan gurufa ba shi da sirdi. Haka nan a jerin ƙayoyi goma sha ɗaya da ke gadon bayan gurufan Nasau, ta uku ce mafi tsawo, fatar da ke tsakanin ƙayoyin kuma tana da giɓi-giɓi, alhali a jan gurufa ta biyu ce mafi tsawo kuma bakin fatar a miƙe yake.

Wani likita Bajamushe mai nazarin kifaye, Markus Bloch, shi ne ya fara bayyana jinsin a rubuce a 1792, kuma sunan kimiyya da ake kiransa da shi, *Epinephelus striatus*, ya ƙare da kalmar Latin mai nufin ratsi-ratsi. Babba daga cikinsu yakan haura mita ɗaya, nauyinsa ya kai kilo 25, kuma an samu wanda ya shekara 29. Ba ya balaga da wuri: sai ya kai shekara huɗu zuwa takwas kafin ya fara hayayyafa. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu dawo gare shi.

Wani zai ce, me ya shafi mutum da ƙirga ƙayar kifi? Amsar tana bakin gaɓa, inda jami'in gwamnati yake tsaye a kan kwandon masunci. Idan doka ta hana kama gurufan Nasau ta bar jan gurufa, dole jami'in da masuncin da alƙalin da za a kai ƙara gabansa duk su iya bambance su. Shi ya sa a wasu ƙasashen yankin doka ta wajabta a sauke kifin da fatarsa, ko a bar wani yanki na fata a jikin tsokar da aka yanka. Da zarar an feɗe shi an zubar da fata, shaida ta tafi, fararen tsokoki duk kamarsu ɗaya.

Gidaje uku a rayuwa ɗaya

Mazauninsa shi ne yammacin Atlantika mai ɗumi: Bamuda, kudancin Fulorida, Bahamas, gaɓar Yukatan ta Meziko, da tsibiran Karebiyan har zuwa arewacin Kudancin Amurka. Sai dai faɗin haka kawai kamar a ce Bahaushe yana zaune a Afirka ne. Ainihin bayanin yana cikin matakan rayuwarsa, domin kowane mataki da nasa gida.

Gidansa na farko shi ne sararin teku. Ƙwan yana yawo a saman ruwa, ya ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya ko biyu, ɗan tsakon da ya fito kuma ya yi fiye da wata guda igiyar ruwa tana tafiya da shi. Gida na biyu shi ne ruwa marar zurfi kusa da gaɓa, cikin ciyawar teku da cunkoson gansakuka da ɓaraguzan murjani, inda yake ɓuya yana cin ƙananan ƙaguwa da jatanlande. Idan ya yi ƙwari sai ya koma gida na uku, wato duwatsun murjani.

Murjanin da muka sani a wuyan amare ƙashin wata halittar teku ce. 'Yan uwanta na ruwa mai ɗumi, ƙananan halittu masu zama jingim, suna gina wa kansu gidan farar ƙasa, zuriya bisa zuriya, har ya zama tudu mai koguna da lunguna da ke miƙewa tsawon kilomitoci. A nan babban gurufa yake zama, daga ruwa mai zurfin 'yan mitoci har zuwa mita ɗari ko fiye. Shi kaɗai yake zamansa, kusa da wani kogo da ya zaɓa, kuma ba ya nisa da shi. Ba mafaraucin gudu ba ne. Yakan laɓe har ƙaramin kifi ko ƙaguwa ta matso, sai ya wangale baki farat ɗaya, ruwa ya kwarara ciki da abin da ke cikinsa. Wani lokaci kuma yakan je inda wasu ƙananan kifaye da jatanlande suke, ya buɗe baki ya tsaya cik su shiga su tsince masa ƙwari, ba ya haɗiye ko ɗaya.

Masu nutso sun san shi da rashin tsoro. Yakan matso ya ƙura wa mutum ido, wani har ya bi shi. Hali ne mai daɗi ga mai ɗaukar hoto, mai sauƙi kuma ga mai bindigar mashi.

Daren sha huɗu na hunturu

Da a ce haka yake zaune a warwatse shekara duka, da ƙarar da shi ya yi wuya, domin masunci sai ya bi kogo-kogo. Amma sau ɗaya a shekara, a watannin sanyi daga Disamba zuwa Fabrairu, idan wata ya cika, manyan sukan bar kogunansu su kama hanya. Wasu sukan yi tafiyar fiye da kilomita ɗari. Duka suna nufin wuri guda, galibi wani hancin dutse a bakin da tudun murjani ya yanke ya faɗa zurfin teku. Wurin ba ya sauyawa. Inda iyayensu suka taru nan suke taruwa, shekara da shekaru.

A can launinsu yakan sake sauyawa: wasu su yi duhu gaba ɗaya, wasu su rabu biyu, sama baƙi ƙasa fari. Da faɗuwar rana sai mace ta taso sama a guje, maza su bi ta, su saki ƙwai da maniyyi cikin ruwa, sannan su koma ƙasa. Kwanaki kaɗan ake yi, taro ya watse. Iyakar hayayyafarsu ke nan a shekara.

A watan Janairu na 1971 wani masanin kifaye Ba'amurke, Lavett Smith, ya nutsa a kusa da tsibirin Kat Kay na Bahamas, ya ƙiyasta cewa kifayen da ya gani a taro ɗaya sun kai 30,000 zuwa 100,000. A 2013 wasu masu bincike suka koma wurin a irin wannan lokaci, ba su tarar da taron ba. Haka ta faru a Bamuda, da Fotoriko, da wurare da dama a Kyuba da Beliz. Kifin da a da yake cikin waɗanda aka fi kamawa a yankin, a 2016 Amurka ta sanya shi cikin jerin halittun da ke fuskantar barazana, a 2018 kuma ƙungiyar IUCN, mai kula da jerin halittun duniya da ke cikin haɗari, ta ɗaga shi zuwa matakin ƙarshe kafin ɓacewa daga teku.

Ƙaryar kwando

Yaya aka yi mutane masu hankali, waɗanda abincinsu ya dogara da kifin nan, suka bari abin ya kai haka? Ba na ganin haɗama kaɗai ta isa amsa. Akwai wata yaudara a cikin tsarin kansa.

A ɗauki magidancin da ke ɗibar hatsi daga rumbu mai duhu ta wata 'yar ƙofa a ƙasa. Yau ya cika mudu, gobe ya cika mudu. Ko rumbun na cike, ko saura kwata, mudun da yake fitowa ɗaya ne. Ba zai san halin da yake ciki ba sai ranar da hannunsa ya taɓa daɓe. Haka taron gurufa yake. Idan kifi dubu hamsin suka taru, jirgi yana cika. Idan suka ragu zuwa dubu biyar, har yanzu wuri ɗaya suke taruwa, jirgi yana cika. Masunci da ya ce shi bai ga ragi ba, gaskiya ya faɗa. Jami'in da ke rubuta nauyin abin da aka sauke a gaɓa shi ma littafinsa yana nuna lafiya lau. Irin wannan ruɗu yana cikin abin da ya kassara kamun kifin kod a gabashin Kanada, har gwamnati ta rufe shi a 1992 dubban mutane suka rasa sana'a.

Ga kuma lissafin shekarun da na ce a riƙe. Kifin da aka kama a taro shi ne babba, mai cikin ƙwai, a ranar da zai zubar. Wanda zai maye gurbinsa yana buƙatar shekara huɗu zuwa takwas. Manomi ya san sunan wannan aiki: cin iri. Bugu da ƙari, akwai alamun cewa ƙananan suna koyon hanyar wurin taro ne ta bin manya. Idan haka ne, kashe manyan yana tafiya har da sanin hanya, kuma wannan zai iya bayyana dalilin da ya sa wuraren da taronsu ya mutu ba kasafai suke farfaɗowa ba, ko bayan an hana su shekaru da yawa.

Abin da ya faru a Ƙaramin Kayman

Tsibiran Kayman guda uku ne, suna kudu da Kyuba, ƙarƙashin ikon Birtaniya. A 2001 masunta suka gano wani taro a yammacin mafi ƙanƙantarsu, Ƙaramin Kayman, mai kifi wajen 7,000. Cikin kaka biyu kacal aka kwashe kimanin 4,000. A 2003 gwamnati ta hana su a wuraren taron na tsawon shekara takwas, daga baya ta ƙara wa'adin. Ma'aikatar muhalli ta tsibiran, tare da wata ƙungiyar masu nutso mai suna REEF da masana daga jami'o'in Amurka, suka riƙa zuwa kowace shekara da cikar wata suna ƙirga kifin a cikin ruwa. Sun liƙa wa wasu alama, sun ɗauki bidiyo, sun sa wa wasu na'urar da ke nuna inda suke. Na'urorin sun nuna cewa kusan duk babban gurufa da ke kewayen tsibirin yana halartar taron, wato wanda ya jefa ƙugiya a wannan ɗan wuri yana ɗiba ne daga dukiyar tsibirin baki ɗaya. Daga baya har zanen fuskar kifin ya shiga aikin, domin an lura kowanne nasa daban ne, ana iya gane shi a hoto.

Shekarun farko ba su ba da ƙwarin gwiwa ba. Adadin ya ci gaba da zama ƙasa, kuma ba wuya a ji mai cewa hanin bai tsinana komai ba. Hukuma ta daure. A 2016 aka kafa doka ta dindindin: babu kama shi daga Disamba zuwa Afrilu, a sauran watanni jirgi ɗaya ba zai wuce kifi biyar a rana ba, sai mai tsawon inci 16 zuwa 24, wato a bar ƙanana su girma a kuma bar manya su haihu, ba a yarda da bindigar mashi ba. A 2020 aka wallafa sakamakon ƙirgar: taron Ƙaramin Kayman ya tashi daga kimanin 1,200 a 2009 zuwa fiye da 7,000 a 2018.

A duba kowane sashe na dokar nan, za a ga daga ina ya fito. Watannin hani sun fito daga sanin lokacin taro. Iyakar tsawo ta fito daga sanin shekarun balaga. Hana mashi ya fito daga sanin halinsa na rashin gudu. Iya aiwatar da dokar kuma ya dogara da sirdin da ke bayan wutsiya. Babu sashen da aka tsara shi daga zaune a ofis.

Hujjar masu ja

Akwai abubuwa biyu da za a iya faɗa a kan wannan ra'ayi, kuma duka suna da nauyi.

Na farko, masunci talaka ne yake biyan kuɗin hani. A wurare da yawa kamun lokacin taro shi ne babban rabon shekara ga iyali, kamar kaka ga manomi. Mai nutso da ya zo daga Turai yawon buɗe ido zai ji daɗin ganin kifin ya dawo, amma ba shi ne ya kwana da yunwa a shekarun jira ba. Abin da ya ƙara zafi shi ne masuntan su ne suka san wuraren taron tun kaka da kakanni, masana daga wurinsu suka koya. Ka nuna wa baƙo rijiya, ya dawo ya sa mata ƙofa. Wannan ƙorafi gaskiya ne, kuma dokar da ta yi watsi da shi za ta sha satar dare. Maganinsa shi ne a sa masuntan cikin aikin ƙirga da tsaro, a biya su, kamar yadda aka gwada a Beliz bayan da ƙasar ta kare wuraren taro goma sha ɗaya a 2002. Amma ƙorafin bai rushe hujjar hani ba, domin a Kat Kay, inda aka bar kowa ya kama son ransa, yau babu rabon shekara ga kowa.

Na biyu, hani ba ya aiki ko'ina. A Babban Kayman, ƙarƙashin doka ɗaya da gwamnati ɗaya, kifin bai farfaɗo kamar na ƙaramin tsibirin ba. A ruwan Amurka an hana kama shi tun shekarun 1990, kuma dawowarsa tafiyar hawainiya take yi. Ni a ganina wannan ya ƙara wa maganar ƙarfi ne. Ƙaramin Kayman ya tsira domin an rufe ƙofa alhali da sauran dubbai a ciki. Inda aka jira sai da littafin kasuwa ya nuna ragi, an makara, saboda littafin kasuwa shi ne na ƙarshe da ke jin labari.

Tunanin keɓe wuri da lokaci ba baƙo ba ne gare mu. A Argungu, Matan Fada ba wurin da kowa ke jefa koma a duk ranar da ya ga dama ba ne. Akwai Sarkin Ruwa, akwai ranar buɗewa. Kogi daban ne da teku, giwan ruwa ma daban yake da gurufa, amma waɗanda suka kafa wannan al'ada sun fahimci cewa ruwan da ba a ba shi hutu ba ba ya daɗe yana ciyar da mutane.

Shi kuwa kifin da ke bayan takardar jikka biyu, cof na Senegal, labarinsa bai yi nisa da na ɗan uwansa ba. Yawan kamu ya rage shi ƙwarai, mafi kyawunsa ana fitar da shi Turai, kuma gidaje da yawa a Dakar sun koma dafa shinkafarsu da wani kifin mai araha. Ba shi da taro sananne irin na gurufan Nasau da za a kewaye a taswira cikin sauƙi, don haka nasa maganin sai an nemo shi daga nasa hali da nasa mazauni. Aikin dai iri ɗaya ne: a san askarsa, a san inda yake girma da inda yake haihuwa da watan da yake yi, a ƙirga shi a cikin ruwa, sannan a rubuta doka tun da sauran abin da za a kare.